Yadda Gayaunar Tsohuwa Ta Zama Sifili

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a Malumfashi cikin shekaru ashirin da biyar ɗin nan, da wuya a ce bai san Fibi Maitama ba. Ita ce doguwar matar nan mai tabarau da ke zama a wani ɗan shago kusa da tasha, wadda in ka miƙa mata rubutun hannunka sai ta fara karanta maka shi da ƙarfi a gaban kowa kafin ta taɓa na'ura. Mutane na jin haushin wannan hali, amma ba su daina zuwa ba, domin an san takardar da ta fita daga hannun Fibi ba ta fita da kuskure. Ita ma ta san haka, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa ta sani ba.

A Tudun Baushe aka haife ta, wani ƙauye a ƙasar Kafur. Mahaifinta Maitama ya karɓi addinin Kirista a hannun 'yan mishan tun yana saurayi, ya riƙe sunansa da fartanyarsa, ya sa 'ya'yansa bakwai a makaranta har da matan. Da Fibi ta gama sakandare sai aka tura ta Funtua wurin wata goggonta, ta koyi buga keken rubutu, irin wanda in ka kuskure harafi ɗaya a layin ƙarshe sai ka sake shafin tun daga fari. A nan ta samo tsananin da take gallabar mutane da shi. Lokacin da kwamfuta ta shigo gari, abokan sana'arta maza biyu suka ce sun tsufa da koyon sabon abu, suka koma sayar da katin waya. Fibi ta koya cikin wata uku, ta tattara musu masu kawo aiki.

Ta auri Paul, direban tarakta, ɗan ƙauyensu, ba ta kuma yarda ta koma cikin gari ba. Kullum da safe babur ke kai ta shago. Da damina kuwa tana rufewa da wuri, saboda gona na jiran ta.

A Tudun Baushe mace na noma, kuma ba taya miji take yi ba. Akwai gandu, babbar gonar gida wadda maigida ke iko da ita, kowa ya yi mata aiki daga safe zuwa tsakar rana. Sannan akwai gayauna, ɗan filin da ake yanka wa mace tun ranar da ta shigo gidan, ta noma shi da yamma, abin da ya fito kuma nata ne, ko mijinta sai ya roƙa. Daga nan gyaɗa ke fitowa, da waken suya, da masarar da ake gasawa, da barkonon miya, da kayan Kirsimetin yara. Galibi gayauna ba ta kai hekta ɗaya ba. Ta Fibi ta ɗan fi haka, don mahaifinta ya bar mata wani yanki da ke manne da nata.

Shekara goma sha ɗaya Fibi ta yi tana magatakardar zumuntar mata a majami'arsu. Shugabarsu ita ce Tsohuwa, wadda sunanta ke nan tun tana jaririya, sai da ta shekara saba'in sunan ya yi mata daidai. Tsohuwa ba ta karatu, amma ba a taɓa jin ta manta ranar da aka yi wata magana ko wanda ya yi ta ba. Ita da Fibi sun zauna lafiya, ɗaya na riƙe da magana a ka, ɗaya a takarda.

Shekara uku da suka wuce wata ƙungiya mai ofis a Funtua ta zo da shirin raba wa ƙananan manoma takin zamani, buhu biyu a kan kowace hekta. Aka turo ma'aikata suka zagaya gonaki da waya a hannu, wayar na auna girman kowane fili, suna rubutawa a fom. Matan Tudun Baushe suka ce ba za su ɓata yininsu ba, an sha rubuta sunayensu ba su ga ko buhun banza ba. Fibi ce ta bi su gida-gida. Ta ce wannan karon ita za ta shigar da sunayen da hannunta, in wani abu ya ɓace a kama ta. Maganar da ta fita bakinta ke nan, kuma Tsohuwa na wurin.

Mata sittin da bakwai suka ba da suna. Kwana huɗu Fibi ta yi a wani aji na firamare da kwamfutar ƙungiyar a gabanta, tana shigar da suna, da lambar waya, da girman gona. Kowane fom sai ta karanta shi da ƙarfi, ta buga, ta sake dubawa. Na'urar ba ta yi mata gardama ko sau ɗaya ba.

A watan Mayu, ana dab da shuka, aka liƙa jerin sunaye a bangon makarantar. Maza duk sun fito. Daga cikin mata sittin da bakwai kuwa, huɗu ne kacal: Fibi da kanta, da Dorkas ƙanwar mijinta, da Elizabeth matar fasto, da Kulu, wadda kowa ya san ƙawarta ce tun suna tallar gyaɗa. Ko maƙiyinta ne ya zauna ya tsara jerin nan, iyakar abin da zai iya ke nan.

Ranar Lahadi bayan sujada matan suka tsaya a gindin mangwaron majami'a. Tsohuwa ta kira Fibi da sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaga murya ba.

"Maman Saviour, wa ya riƙe na'urar nan kwana huɗu?"

"Ni ce, Mama."

"Wani ya taya ki?"

"Ba wanda ya taya ni."

"To sunan wa ya fito?"

Fibi ta rantse, ta kawo kwafin fom ɗin da ta ajiye, don ba ta taɓa bari takarda ta wuce ta hannunta ba tare da ta yi kwafinta ba. Aka ce ai ba a ce ba ta karɓi fom ba, an ce ba ta shigar ba ne. Washegari ta hau mota zuwa Funtua. A ofishin wata ma'aikaciya ta amsa mata ba tare da ta ɗago kai daga wayarta ba, ta ce kwamfuta ce ta fitar da sunaye, kwamfuta kuwa ba ta son kai, abin da aka zuba mata shi take bayarwa. Fibi, da gaskiyarta, ta dawo ta maimaita wa mata wannan amsa kalma bayan kalma, ba ta lura cewa da bakinta take ƙarasa kanta ba. A mako na gaba aka naɗa wata magatakarda.

Ta sa aka kai buhunanta biyu ƙofar Tsohuwa. Kafin la'asar an dawo mata da su a baro. Ta ce ba za ta taɓa su ba, amma Paul, wanda bai ga dalilin da zai sa taki ya kwana a ɗaki ana ruwa ba, ya zuba su a gonarta wata ranar da ta tafi shago. Sai ga masarar Fibi ta yi kore shar a bakin hanya, ta maƙwabtanta kuma ta yi rawaya, gajera, kowa na wucewa yana gani da safe da yamma. Ta yi kwana uku ba ta yi wa Paul magana ba.

Abin ya ci ta ƙwarai. Ba a zage ta ba, da an zage ta ma da ta samu abin ramawa. Ana gaishe ta, a taƙaice, a wuce. Matar da ta rayu a kan cewa hannunta ba ya kuskure kuma ba ya ha'inci, ga shi an shafa mata kashin kaji a kan abin da ta fi kowa sanin ba ta yi ba, kuma ta kasa cewa ga yadda aka yi. Wannan rashin sanin ya fi komai ƙona mata rai.

Da rani ya shigo ta ji ana koyar da rubuta manhajar kwamfuta ga masu farawa a wata cibiya a Funtua, kowace Asabar. In za a faɗi gaskiya, ba son ilimi ne ya kai ta ba. Asabar ce ranar da matan zumunta ke haɗuwa koyon waƙa, muryoyinsu na shigowa har tsakar gidanta, ita kuma ta gaji da yin kamar tana da wanki.

Ajin cike yake da samari da 'yan matan da suka gama jami'a suna jiran aiki. Mai koyarwar, Malama Amatullah, ba ta girmi Saviour ɗan farin Fibi ba. Makon farko an ɓata shi ne wajen koya wa na'ura ta rubuta gaisuwa a fuskarta, abin da Fibi ta ga bai kai kuɗin motarta ba. A mako na biyu Malama ta zana akwatuna huɗu a allo.

Ta ce duk abin da manhaja za ta riƙe, sai an tanadar masa mazubi, a ba mazubin suna, don a san inda za a nemo shi. Abin da ke ciki na iya canzawa, yau shekarunka ashirin, baɗi ashirin da ɗaya, amma sunan mazubin na nan. Sannan kowane mazubi da irin abin da aka yi shi dominsa. Akwai na rubutu, inda ake zuba suna ko gari. Akwai na e ko a'a, wanda ba ya karɓar komai sai ɗayan biyun nan. Lambobi kuma mazubinsu biyu ne.

"Wannan na cikakkiyar lamba ne," in ji Malama, ta buga akwati na uku da alli. "Masu abin suna ce mashi intija. Na ƙirga abin da ba ya rabuwa ne. Akuya nawa gare ka? Uku. Ba mai akuya uku da rabi sai mahauci. Na huɗun nan kuma na lamba mai ɗigo ne, na abin da ake aunawa, nauyi, tsawo, litar mai. Yanzu kowa ya ɗauki lamba mai ɗigo ya tura ta cikin mazubin cikakkiyar lamba, mu ga abin da zai faru."

Yarinyar da ke kusa da Fibi ta buga bakwai da ɗigo biyar, na'ura ta ba ta bakwai, ta yi dariya. Fibi ba ta tsaya neman lamba ba. Akwai wadda ta yi wata tara tana yawo a kanta, girman gayaunar Tsohuwa, sifili da ɗigo huɗu. Ta buga ta, ta danna. Na'ura ta rubuta sifili.

Ta gyara tabarau. Ta buga sifili da ɗigo tara, girman gonar wata Lami da ta daina sayar mata da daddawa. Sifili. Ta buga tata, ɗaya da ɗigo biyu, aka ba ta ɗaya. Ta buga ta Dorkas, ta Elizabeth, ta Kulu, don duk ta haddace su, kowacce ta haura hekta da kaɗan, kowacce ta fito ɗaya.

"Malama," ta ce, ba ta ɗaga hannu ba, "sauran ina ya tafi?"

"Ya zube, Mama. Mazubin ba ya da wurin sa shi."

"Ba ya ko ɗaga shi sama in ya kusa cika? Tara fa cikin goma."

"In ba a ce mashi ya ɗaga ba, yankewa yake yi."

"Kuma ba ya faɗa ma mutum ya zubar?"

"Wani lokaci yana faɗa. Amma in wanda ya rubuta manhajar ya ce duk abin da ya shigo a maida shi cikakkiyar lamba, to shiru zai yi, ya yi abin da aka sa shi."

Fibi ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. "To wa ke zaɓen mazubin? Na'urar?"

"A'a, Mama. Mutum ne ke zaɓa."

Ba ta ji sauran darasin ba. Wata tara ana ce mata kwamfuta ba ta son kai, ita ma ta yarda, ta yi ta binciken kanta ko yatsanta ne ya zame sau sittin da uku. Ashe wani ne can, a zaune a ɗaki mai sanyi, ya yanke cewa gona abu ce da ake ƙirgawa kamar akuya. Ko ganin Tudun Baushe bai taɓa yi ba, ya share gayaunar da Tsohuwa ta yi shekara hamsin tana duƙe a cikinta, kuma ya tafi gida ya ci abincinsa. Da aka tashi ta tsayar da Malama ta kwashe labarin duka ta faɗa mata. Malama ta ce abin ya yi kama da haka ƙwarai, amma zato ne har sai an buɗe manhajar an gani. Fibi ta ce za a buɗe.

Ta zauna a shago ta jera mata sittin da bakwai a takarda ɗaya, kowacce da girman gonarta. Duk wadda ta gaza hekta ɗaya ba ta fito ba, duk wadda ta kai ta fito, ba ko ɗaya da ta saɓa. Sai ta duba na maza. Gandun su Paul hekta biyar ne da ɗigo takwas, buhu goma aka ba su, lissafin hekta biyar cif. Kowane namiji an yanke masa wutsiyar gonarsa. Ta tambayi Paul ko bai lura ba, ya ce ya lura mana, duk sun lura, sun ɗauka na ofis ne aka cire, ai an saba.

Sau uku ta je ofishin ƙungiyar kafin a haɗa ta da wanda ya rubuta manhajar, wani Injiniya Jibo, mai ƙiba kaɗan, mai fara'a, irin mutanen da ke yi maka murmushi tun kafin su ji abin da ya kawo ka don su samu ka tafi da wuri. Ta shimfiɗa masa takardarta, ta karanta masa da ƙarfi kamar yadda ta saba, har ma'aikatan teburin gefe suka daina abin da suke yi.

"Madam," ya ce, "kin ce darasi nawa kika yi?"

"Biyu."

"To kin gani. Manhajar nan manoma dubu goma sha ɗaya ke cikinta."

"Ban zo gwada ilimi da kai ba, Injiniya. Buɗe ka duba mani mazubin girman gona, ka faɗa mani irinshi. In na lamba mai ɗigo ne, zan ba ka haƙuri a gaban mutanen nan in kama hanya."

Ya buɗe don ya rabu da ita. Ya gangara, ya gangara, ya tsaya. Murmushin ya ɗan jima a fuskarsa bayan abin da ya kawo shi ya wuce. Ya goge kalma ɗaya, ya rubuta wata a wurinta. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba.

"Ƙaramin abu ne," ya ce. "Na gyara."

Fibi ta ce ta ji abubuwa da yawa masu zafi a shekarar nan, amma ba wanda ya kai wannan. Ta tambaye shi yadda aka yi. Ya ce da gonakin manyan manoman hanyar Bakori ya gwada manhajar, masu hekta goma, ashirin, komai ya tafi daidai. Ya kuma sa ƙa'ida cewa duk wanda gonarsa ta fito sifili a cire shi, don maganin masu ba da sunan ƙarya. Ya ƙara da cewa, tsakaninsa da Allah, bai taɓa tunanin akwai mai kiran abin da bai kai hekta ba da sunan gona ba.

"Tuwon da ka ci jiya, miyarshi daga irin wannan abin ta fito," in ji Fibi. "Ƙirga mani sifili nawa ne a cikin manhajar."

Ya ƙirga. Dubu biyu da ɗari da goma sha huɗu, daga Musawa har Tsiga, kuma da ya bi sunayen da ido, kusan duk mata ne. Fibi ta yi tunanin a kowane ƙauye akwai wata ko wani da ya riƙe na'ura kwana huɗu, kuma Allah kaɗai ya san abin da aka yi da su.

Sai ga wata matsalar. Abin da mazubin ya zubar ya tafi ke nan, gyaran ba zai dawo da shi ba, dole a sake shigar da girman kowace gona daga fom. Fom ɗin ofis na cikin buhuna a sito, wasu gara ta fara ci. Fibi ta ce na Tudun Baushe suna wurinta. Ta rufe shago kwana biyu, ta zauna a ofishin nan ta sake buga su ɗaya bayan ɗaya, wannan karon tana sa Jibo ya nuna mata abin da na'ura ta riƙe bayan kowane suna. Direbobin tasha suka gan ta tana shiga tana fita, labari kuwa ya riga ta isa gida: Maman Saviour na Funtua tana gyara sunaye.

Da ta gama ta nemi abu ɗaya. Ta ce ya rubuta mata takarda, layi uku sun isa, da tambarin ofis, cewa kuskuren daga manhaja ne, ba daga mai shigar da sunaye ba. Jibo ya shafa ƙeya. Ya ce shi a ransa ya so, amma ofis ba ya rubuta takarda a kan kansa, masu ba da tallafi na iya gani, oga ba zai sa hannu ba. Ta ce to ya zo ƙauyen ya faɗa da baki, ita za ta biya kuɗin mota. Ya ce zai duba lokacinsa. Da za ta fita ya bi ta da hula da riga masu tambarin ƙungiyar, ya ce kyauta ce don ƙoƙarinta. Ta bar masa su a kan kujera.

A watan Afrilu sabon jeri ya fito. Mata sittin da bakwai, cif. Mai rabin hekta ta samu buhu, mai ƙasa da haka aka auna mata nata a tiya, maza ma suka ga ƙari suka ce bana ofis ya ji tsoron Allah. Fibi ta tsaya nesa ta ga ana ɗaukar taki a kai da a baro, ta ji daɗi har cikin ranta, ta koma gida tana jiran abin da take ganin ya zama dole ya biyo baya.

Ya kuwa biyo. Ranar Laraba da la'asar tana ɓarar gyaɗar iri a tsakar gida sai ga sallama, mata kusan ashirin, Tsohuwa a gaba da sandarta. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo ruwa, aka gaisa gaisuwa mai tsawo irin wadda Fibi ta yi shekara ba ta samu ba. Idonta har ya ciko. Tsohuwa ta gyara zama.

"Maman Saviour, ɗiyata. Shekara guda muna maki addu'a, ba Asabar ɗin da ba mu ambaci sunanki ba, Allah ya taɓa zuciyarki. Ga shi ya amsa. Kin je da ƙafarki kin maida abin da kika cire, ba wanda ya tilasta maki. Ba kowa ke iya wannan ba. Mun zauna mun yi shawara, mun yafe maki. Ki dawo cikinmu."

Matan suka ce amin. Wata ta fara share hawaye.

Fibi ta zauna da gyaɗa a tafin hannunta. Sai yanzu ta ga yadda abin yake daga inda suke zaune: wadda ta iya mayarwa, ai ita ta cire. Ta fara bayani. Ta ce akwai mazubi iri biyu, ɗaya na ƙirge ɗaya na awo, wani mutum ya ɗauki na ƙirge ya auna gona da shi. Suna kallon ta da tausayi, kamar mai jin kunyar amsa laifi tana kewaye-kewaye. Elizabeth, da ke gefenta, ta matso ta yi mata raɗa: "Ki ce kin gode kawai, a wuce wurin. Me zai rage ki?"

Kuma gaskiya ne, kalma biyu ce. Ta yi kewar matan nan. Ta yi kewar waƙar Asabar, da gulmar hanyar rafi, da a aiko yarinya a ce a sammana gishiri. In ta ce ta gode, gobe komai ya koma yadda yake, sai dai har ta mutu ita ce matar da ta ci amanar 'yan'uwanta ta tuba, a riƙa ba da misali da ita a wa'azi. Ta zuba gyaɗar a ƙwarya ta kakkaɓe hannu.

"Mama, na ji daɗin zuwanku, Allah ya sani. Amma ba zan karɓa ba. Ban cire sunan kowa ba. In na karɓi yafiyar nan na yi maku ƙarya, ƙaryar farko da zan taɓa yi maku."

Wasu suka fara gyara ɗaurin zane. Tsohuwa ta daɗe tana kallon ta, kallon wadda ke juya magana a ka tana neman inda ta karkace, ba ta samu ba.

"To in ba ke ba ce, ɗiyata, wa za mu yafe mawa? Masararmu ta lalace bara. Wani ya yi mamu wannan abu."

"Wani ya yi, Mama. Na gan shi, na san ofishinshi, ya san sunan garin nan. Kada ku yafe ma kowa tukuna. Ku bari ya zo ya roƙa."

Tsohuwa ta dafa sanda ta miƙe, sauran suka bi ta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce za su jira, in ya zo ya faɗa da bakinsa, ita da kanta za ta durƙusa wa Fibi a gaban jama'a, tsufanta da komai.

Damina biyu ke nan da yin wannan magana. Tsohuwa ba ta iya zuwa gona yanzu, jikokinta ke noma mata gayaunar. Duk ranar da ta ji ƙarar baƙuwar mota ta tsaya a bakin makaranta, takan aika a dubo mata ko mutumin Funtua ne.